Ba Kowane Ciwon Dubura Ne Jiƙo Ke Warkarwa Ba

Duk wanda ya saba shiga tasha, ko kasuwar ƙauye ranar da take ci, ya san muryar mai maganin basir tun kafin ya hango motarsa. Lasifika a kan rufi, jarkoki da gorunan jiƙo jere a tabarma, ƙullin gari a leda, shi kuma yana ta jero alamomi ko numfashi ba ya yi: ciwon baya, kumburin ciki, kasala, ƙaiƙayi, jini a bahaya, tsiro, fitar ruwa, rashin kuzari wajen iyali. Kafin ya kai ƙarshe, da wuya a samu baligi a wurin da ba a taɓo nasa ba. Sai hannuwa su fara shiga aljihu, a karɓi gora ɗaya, a cusa ƙarƙashin riga, a wuce ba a haɗa ido da kowa ba.

Ni ba na cikin masu raina maganin gargajiya. Da sassaƙe da saiwa aka raine mu, kuma akwai abubuwan da na yarda ganye yana yi, zan faɗe su dalla-dalla. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk cinikin nan babu wanda ya duba wurin da ke ciwo. Mai sayarwa bai gani ba, mai saye kuma wuri ne da idonsa ba ya kaiwa. Cututtukan dubura suna da yawa, alamominsu na kama da juna, amma maganinsu ya sha bamban ƙwarai. Biyu daga ciki nake so mu tsaya a kansu, wato tsagewar bakin dubura da yoyon dubura, ramin nan da ke tsattsafo da mugunya a gefen dubura. A ta farko abincinmu da ganyayenmu suna iya yin aiki sosai. A ta biyu kuwa, ko mutum zai shanye saiwoyin dajin Falgore kaf, ramin na nan inda yake.

Tsagewa ita ce ta fi yawa. 'Yar yanka ce a fatar bakin dubura, sau da yawa ba ta wuce santimita ɗaya ba, amma mai ita ba ya mantawa da ita. Galibi busasshen bahaya ne ke yaga wurin lokacin yunƙuri, wani lokaci gudawa mai tsanani, ga mata kuma haihuwa na kawo ta. Kusan tara cikin goma a ɓangaren baya take fitowa, inda dama jini bai cika wadatuwa ba. Mutum zai ji zafi mai yanka yayin bahaya, ya ga ɗan jan jini wajen tsarki, sannan raɗaɗin ya ci gaba da cinsa awa ɗaya ko fiye bayan ya fito. Dalilin daɗewar raɗaɗin shi ne wata tsoka da ta zagaye dubura daga ciki, wadda ba da umarnin mutum take aiki ba. Da zafi ya taɓa ta sai ta ɗaure tamau. Ɗaurewar ta rage jinin da ke isa wurin, ƙarancin jini kuma ya hana fata haɗewa. Shi kuma mai ciwon, saboda tsoron abin da zai tarar a banɗaki, sai ya riƙa danne bahaya kwana biyu, kwana uku. Bahaya ya ƙara bushewa, ranar da ya fita ya sake ɓarke wurin.

Wanda ya gane wannan ya gane inda magani yake: a tausasa bahaya, a sassauta tsokar, a bar fata ta haɗe da kanta. A nan kam kakanninmu ba su bar mu hannu rabbana ba. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi da lalo duk suna da yauƙin da ke riƙe ruwa a cikin hanji, ya sa bahaya ya fita da sulɓi. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ya yi fari fat ba, wake, kwaɗon zogale da na rama, gwanda, kunun tsamiya, duk abokan hanji ne. Mu ne muka juya musu baya muka rungumi farar shinkafa, biredi, taliyar leda da lemon kwalba, sannan mu wuni a zaune. Direban doguwar tafiya da ke ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da shi, tela, ɗan acaɓa, ma'aikacin ofis, su ne suka fi cika layin mai magani. Maganinsu na farko a tukunyar gidansu yake, da kuma randa.

Zama cikin ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, shi ne abin da ungozoma ke sa mai jego tun zamanin da, shi ne kuma abin da likita ke rubuta wa mai tsagewa a yau. Ɗumin ne ke lallashin tsokar nan ta saki. Idan an jefa 'ya'yan bagaruwa a ruwan, ba na ganin aibu, muddin bai yi kauri ba, kuma an bar shi ya huce har gwiwar hannu na iya jure shi. Bagaruwa na da sinadarin da ke tsuke fata, shi ya sa majema suke jima da ita, kuma hakan na iya rage damshi a wurin. Man kaɗanya mai tsabta, a shafa a bakin wurin kafin bahaya, yana rage gogayya. Likitoci sun daɗe da sanin cewa kusan rabin sababbin tsagewa suna warkewa da irin wannan kulawa kaɗai, ba ƙwaya, ba allura. Hatta abin da kemis ke bayarwa don tausasa ciki, da yawa daga tsiro aka samo shi. Akwai garin ɓawon wata ƙwaya da ake nomawa a Indiya, akwai kuma sanamaki, ɗan'uwan filaskonmu, wanda aka mayar da shi ƙwayar magani. Saboda haka wanda ya ce ganye ba ya komai a wannan ciwo bai faɗi gaskiya ba.

Matsalar tana farawa ne daga abin da ke cikin gorar tasha. Da yawa daga jiƙon nan maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, ba awo, ba ma'auni. Mai saye kuma da yawan zaryar banɗaki yake auna ƙarfin magani. Za ka ji yana cewa, "Ai ya wanke ni tas, ka ga dattin da ya fita kuwa?" Alhali gudawar da kanta tana yaga wurin, tana kuma ƙwace ruwan jiki, bayan kwana biyu hanji ya koma ya bushe fiye da da. Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ake cusawa ko ake ɗaurawa a wurin: gari mai kanwa, mai toka, mai yaji, wai don ya cinye tsiro. Tsagewar da ta daɗe takan fitar da wani ɗan tsiro na fata a bakinta. Wannan tsiron ɗa ne ga ciwon, ba shi ne uwar ciwon ba. In an ƙone shi da gari, ko wanzami ya sa aska ya cire, tsagewar na nan, an kuma ƙara mata sabon gyambo. Wasu idan ƙunar ta warke sai tabon ya tsuke ƙofar, har bahaya ya gagara fita, a dawo ana neman likitan da zai buɗe.

Tsagewar da ta wuce mako 6 zuwa 8 ba ta warke ba ta zama tsohuwa, gefunanta sun yi tauri. A asibiti akwai man shafawa iri biyu da ke sassauta tsokar su ƙara gudun jini a wurin, ɗaya mai sinadarin nitrogilisarin, wanda kan sa wasu ciwon kai, ɗayan kuma mai diltiyazem. In suka gaza, akwai 'yar ƙaramar tiyata da ake ɗan tsaga gefen tsokar, wadda ke warkar da fiye da mutum tara cikin goma, kuma da yawa a ranar suke komawa gida.

Yoyon dubura kuwa wani labari ne daban. A cikin dubura akwai wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ke fitar da majina. Idan ɗaya ta toshe, ƙwayoyin cuta su taru a ciki, sai ta zama maruru a gefen dubura: kumburi, zugi, zazzaɓi, mutum ya kasa zama ya kasa barci. Marurun ya fashe da kansa, ko a tsaga shi, mugunya ta fita, a samu sauƙi. Ga kusan mutum ɗaya cikin uku, maganar ba ta ƙare a nan ba. Hanyar da mugunyar ta bi takan zauna, ta zama rami mai ƙofa biyu, ɗaya a cikin hanji, ɗaya a fatar waje. Kullum ƙazanta na shiga ta ƙofar ciki, ruwa da mugunya na tsattsafowa ta ƙofar waje. Tamkar bututun famfo ne ya fashe a cikin bango: kana iya yaɓe, ka yi fenti, bangon ya yi kyau na 'yan kwanaki, amma muddin ba a fasa an kai ga bututun ba, damshi zai dawo. Babu abin da mutum zai sha ya bi ta ciki ya je ya toshe wannan ƙofa. Ƙwayoyin asibiti masu kashe ƙwayoyin cuta ma ba sa rufe ta, balle jiƙo.

Abin da ya sa ake yaudaruwa shi ne halin ciwon. Ƙofar waje takan rufe da kanta lokaci-lokaci. Mutum na cikin shan gora ta biyu sai ya ga wandonsa ya bushe. Ya yi murna, ya ba da shaida a majalisa, ya tura abokai. Mugunya kuwa tana can tana taruwa a ciki. Bayan 'yan makonni wurin ya kumbura, zazzaɓi ya dawo, ya sake fashewa, wani lokaci ta sabuwar ƙofa. In ya koma wurin mai magani, amsar a shirye take: "Basir ɗin ne ya motsa. Ka ci maiƙo ko? Ka ci gyaɗa?" Laifi ya dawo kan mara lafiya, a sake sayar masa da gora. Kowane irin wannan zagaye na iya sa ramin ya yi rassa, ya ƙara kutsawa cikin tsokar da ke riƙe bahaya. Abin da da aiki ɗaya ƙarami zai gama da shi, sai ya koma aiki mai wuya. Ga mai ciwon suga kuwa, maruru a wannan wuri ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya, domin cutar na iya bazuwa ta cinye fatar gaba da ta maraina cikin 'yan kwanaki, har ta kai ga rai.

Akwai wani dattijo tela a unguwarmu, mutum mai kunya da tsafta. Shekara da shekaru a karkace yake zama a kan keken ɗinkinsa, da wani matashi da ya ɗinka wa kansa da ƙyallaye, mai rami a tsakiya. A ƙarƙashin teburinsa akwai leda cike da yankakkun tsummokara masu tsabta, yana sa ɗaya a wando yana canzawa. Mutumin da ba ya rasa sahun farko sai ya koma can baya kusa da ƙofa, saboda yana tsoron a ji wari, kuma da an sallame ya fice. Babu mai maganin da ya shigo garin bai saya ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗansa ya sa shi a mota ba tare da neman shawararsa ba. Aka tarar ramin ya yi rassa, sai da aka shiga da shi ɗakin tiyata fiye da sau ɗaya, ya yi watanni da zaren da likitoci suka zura masa ta cikin ramin. Ya warke, alhamdu lillahi, ya koma sahunsa. Amma shekarun da ya yi yana ɓuya daga jama'a, da kuɗin goruna da ya ce da ya tara su da sun biya aikin har da canji, babu mai mayar masa da su.

Wannan ba sabon ilmi ba ne da Turawa suka zo da shi jiya. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya san ganyaye da haɗe-haɗen magunguna fiye da duk wani mai lasifika, domin mafi yawan littafinsa At-Tasrif a kansu yake. Amma da ya zo kan yoyon dubura, a babin fiɗa ya sa shi: a zura ɗan siririn ƙarfe a gano inda ramin ya nufa, sannan a tsaga ko a yi lalas. Sarkin Faransa Luwi na 14, da duk dukiyarsa da likitocinsa, ya yi watanni ana masa shafe-shafe da ɗaure-ɗaure, har aka riƙa gwada magunguna da ruwan maɓuɓɓuga iri-iri a kan wasu masu irin ciwon don a ga ko za a dace. Ba a dace ba. A watan Nuwamba na 1686 likitan fiɗarsa, Felix, ya tsaga ramin, ba tare da allurar barci ba domin babu ita a lokacin, sannan sarki ya samu lafiya.

Ƙasar da ta fi ba ni sha'awa a wannan batu ita ce Indiya, domin su ma masu alfahari ne da maganin kakanninsu. Tsofaffin littattafansu na likitanci sun ambaci wani zare mai magani da suke kira kshara sutra. Ana shafe zaren da ƙaron wani tsiro dangin tinya, da tokar wani ganye, da kurkum, ana shanyawa ana sake shafawa har sau 21. Sai a zura shi ta cikin ramin daga ƙofa zuwa ƙofa, a ɗaure, a riƙa canzawa duk mako. Zaren na yanka ramin a hankali, bayansa na warkewa. Likitoci a Jami'ar Banaras, ƙarƙashin Farfesa Deshpande, suka farfaɗo da shi suka daidaita yadda ake haɗa shi. Ba su tsaya ga cewa "tun kaka da kakanni ake yi" ba. Majalisar binciken lafiya ta ƙasar ta gwada shi a asibitoci da dama a kan marasa lafiya 502, wasu aka yi musu zaren, wasu tiyata, aka buga sakamakon a 1991. Masu zare sun fi daɗewa kafin su warke, wajen mako 8, masu tiyata kuma wajen mako 4. Amma waɗanda ciwon ya dawo musu kashi 4 cikin ɗari ne a masu zare, kashi 11 a masu tiyata.

Wannan nasara ce ta maganin gargajiya, ba shakka, kuma ina so masu maganinmu su ji ta. Sai dai a lura da yadda aka yi ta. Ba sha aka yi ba. Sai da aka duba, aka gano ƙofar ciki, aka bi ramin da hannun wanda ya san inda tsoka take, da kayan aiki masu tsabta. Ganyen ya yi aiki ne saboda an kai shi daidai inda cutar take. Kada wani ya karanta wannan ya je ya nemi zare da tinya ya gwada a ɗaki, domin ƙaron tinya guba ne mai ƙona fata, zaren da ya bi ta inda bai kamata ba kuma yana iya raba mutum da ikon riƙe bahaya har abada. Likitocin tiyata namu ma suna amfani da zare a ramin da ya shiga tsoka da yawa, don su kauce wa wannan haɗarin.

Mu 'yan Arewa mun riga mun koyi irin wannan darasi a wani ciwon, wato yoyon fitsari. Shekaru nawa matanmu suka yi ana ba su jiƙo da turare, ana cewa iska ce ko sammu, wasu ma yankan gishiri ne ya jawo musu? Sai da aka fara ɗinke su a asibitin Babbar Ruga na Katsina tun shekarun 1980, a hannun Dakta Kees Waaldijk da likitocin da ya horar, sannan a Kano da sauran garuruwa, kafin jama'a suka yarda cewa huda ce, kuma huda ɗinki take so. Yau da wuya ka ji mai hankali yana tallar jiƙon yoyon fitsari a fili. Ban ga dalilin da zai sa mu kasa yarda da haka a kan yoyon dubura ba.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan tayar mini da hankali. Jini a bahaya alama ce ta basir, alama ce ta tsagewa, alama ce kuma ta sankarar hanji. Likitocin tiyata a Nijeriya sun daɗe suna kukan cewa mafi yawan masu wannan sankara ba sa isowa sai ta yi nisa, kuma ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba. In ka bi tarihin irin waɗannan marasa lafiya, da yawa za ka tarar sun yi watanni ko shekaru suna maganin basir. Yoyon dubura shi ma wani lokaci ɗan aike ne na wata cutar, kamar tarin fuka da ya sauka hanji, ko ƙanjamau, ko ciwon suga da ba a gano ba. Mai gora ba shi da hanyar da zai san wannan, kuma ba ya tambaya.

Na san abin da ke hana mutane zuwa a duba su. Kunya ce, kuma kunya ba abin zargi ba ce a wurinmu. Dattijo ya tuɓe gaban yaro sa'an ɗansa, ko matar aure gaban namijin da ba nata ba, abu ne mai nauyi. Sai dai addinin da ya koya mana kunya bai ɗauki wannan ciwo abin ɓoyo ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah ya ƙara masa yarda, da bakinsa ya ce yana fama da basir, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla. Aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Hadisin na cikin Bukhari, ana karanta shi a masallatai har yau da sunan mai ciwon da sunan ciwon. A cikin Mukhtasar, littafin fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, an ambaci damshin basir a cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu wajen tsarki. Malamai kuma sun halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon larura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dubawar kanta ba ta da tsawo: mutum ya kwanta a gefen hagu, ya naɗe gwiwoyi, a rufe shi da zane in ban da wurin. Tsagewa sau da yawa da ido kawai ake ganinta, ba sai an sa yatsa ba.

Ba zan wanke asibitocinmu ba. Wanda ya tara ƙarfin hali ya je, sai ya wuni a layi, a tambaye shi abin da ke damunsa gaban mutane, ɗakin dubawa labule a yage, ɗalibai a tsaye ba a nemi izininsa ba. Wani likitan ma, saboda yawan jama'a, da ya ji "basir" sai ya rubuta ƙwayar cusawa ya kira na gaba, bai duba ba. Wannan da mai lasifika duk kanwar ja ce. Mata likitocin tiyata sun yi ƙaranci ƙwarai a Arewa. Ga kuɗin aiki da talaka zai biya daga aljihunsa, ga tsoron da ake yaɗawa cewa duk wanda aka yi wa tiyatar dubura sai ya koma sakin bahaya. Haɗarin akwai shi, amma kaɗan ne a hannun ƙwararre, kuma jinkiri ne ke ƙara shi. Mai maganin gargajiya yana kiran mutum "Alhaji" ko "Baba", ya saurare shi, ya ba shi bashi in ta kama. Asibitin da ke son mutane su daina bin tasha sai ya koyi wannan, ya gyara labulensa, ya keɓe rana da ɗaki don irin waɗannan larurori, da ma'aikaciya mace ga mata.

Su kuma jami'o'inmu ina da ƙorafi a kansu. Muna da sassan nazarin magungunan tsirrai a Zariya, Kano da Sakkwato, ga manyan asibitocin koyarwa a kusa da su. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja ta taɓa ɗaukar haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda a cikinsa akwai masoro, kanumfari da ganyen karan dafi, ta gwada shi ta fitar da maganin sikila mai suna Niprisan. To me zai hana a ɗauki masu sabuwar tsagewa, a raba su biyu, wasu su zauna a ruwan ɗumi zalla, wasu a ruwan bagaruwa, a ƙirga waɗanda suka warke? Haka man kaɗanya, haka garin kuka wajen tausasa ciki. Aiki ne da ba ya bukatar na'urar biliyoyi. In sun yi amfani mu sani da awonsu, in ba su yi ba mu huta da asarar kuɗi.

Mutane da yawa in sun ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwalba sai hankalinsu ya kwanta. Ya kamata a san cewa lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce ta cewa an gwada ba a ga guba a ciki ba. Ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta, shi ya sa ake buga gargaɗi a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance da'awar ba. Gorunan tasha kuwa yawancinsu ko wannan lambar ba su da ita.

Akwai hadisi a Abu Dawuda da ke cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya, waɗanda kullum ke neman gwamnati ta ba su matsayi, su fara da ɗora wa mambobinsu doka mai sauƙi. Duk wanda ya zo da ƙofa mai fitar da mugunya a gefen dubura, ko kumburi da zazzaɓi, ko jini tare da rama da canjin yanayin bahaya, ko zafin da ya wuce mako shida, kada a sayar masa da komai, a tura shi asibiti a ranar. Wanda aka duba aka tabbatar sabuwar tsagewa ce, ya dawo a ba shi bagaruwarsa da man kaɗanyarsa, a koya masa abin da zai ci. Gidajen rediyo da ke sayar wa masu magani rabin awa su ma su sa wannan sharaɗi a bakin duk wanda zai hau, kuma wanda ya ce yana rufe yoyon dubura da abin sha kada a buɗe masa makirfo.